Gwajin Hannu

A bayan kabad ɗin ƙoƙunan Jibi na same shi,
ranar da kwanon ɗakin ajiya ya fara yoyo.
Katako ne, bai fi faifai girma ba.
Na goge yanar gizo da bakin zanena.

Mutane ne a dogon tebur.
Farin ƙyalle, gurasa a karye,
ƙoƙo guda tal yana bin hannuwa.
Hasken taga ya sauka a kafaɗar wata tsohuwa,
irin hasken Agusta a Kabong
in ruwa ya ɗauke, duwatsu suna hayaƙi.

Nenrot, ɗan ƙanwata mai karatun zane,
ya juya bayansa, ya kanne ido.
Ga sunan wani gari a Sukotlan,
ga shekarar da ta girmi kakata.
Sunan mai shi kuwa, danshi ya cinye.

Ya ce, Inna, ba wannan ne hoton ba,
gwaji ne da fentin mai,
kamar yadda kike ɗiga miya a tafin hannu
kafin ki zuba wa baƙi.
Babban yana can wata ƙasa,
ko ma ba a taɓa yin sa ba.

Shekara ashirin da shida
ina wanke ƙoƙunan cocin nan,
ɗari uku da arba'in, in ba a fasa ko ɗaya ba.
Na san wanda ke shanyewa tas,
na san mai barin jan ɗigo a ƙasa
don yana ganin bai isa ba.
To na duba aikin baƙon nan da idon mai wanki.

Hannuwa ya fara yi.
Ya gama su har jijiya, har baƙin ƙarƙashin farce.
Akwai na masunci, ina ji, ko na mai sassaƙa,
an ɗaga shi, an kuma fasa ɗagawa,
tsohon layin yana nan a ƙarƙashin sabon.
Mai wa'azi yana da gemu, ba shi da baki.
Uku a ƙarshen benci ba su da fuska sam,
shafen ƙasa-ƙasa kawai,
kamar tabon kuza a tafin mai haƙa.

Kwamiti ya zauna ran Talata.
Da Mancha ya ce a kai wa mai rubuta allon shaguna
a Gada Biyu, ya cike fuskokin,
a sa gilashi, a rataya bayan mumbari.
Wa ke rataya abin da ba a gama ba?

Ban iya magana a taro ba.
Na dai ce, a bar mini shi tukuna.

Don ni na riga na san su.
Na tsakiya Dachung ne, mijina,
haka yake sunkuyo, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya.
Na gefe Kaneng ce, da ta tafi Farin Gada
sayen tumatir a shekarar da gari ya rikice,
har yau kwandonta yana wurina.
Na ukun ban sa masa suna ba.
Wataƙila ni ce. Ban gaggauta ba.

Lahadin farkon wata muka yi Jibi.
Gurasar ta Taminus ce, ta kwana,
zoɓon ya ɗan yi tsami,
fasto ya tsallake baiti guda, muka bi shi haka.
Na ce a raina, ashe mu ma gwaji muke,
babban teburin yana gaba.

Da aka watse na kai kwanon wanki bakin taga.
A kusurwar katakon, can ƙasa,
inda mai zanen ya riƙe shi fenti bai bushe ba,
akwai shatar babban yatsa.
Na tsane hannuna, na ɗora nawa a kai.
Nasa ya ɗan fi faɗi.